Aulis da Giɓi na Bakwai

A ƙasar Kainuu, can arewa mai tsananin sanyi da dazuzzuka, in ana so a san halin mutum, ba a tambayar maƙwabtansa, don ba za su ce komai ba. Dajinsa ake zagawa a duba. In an tarar da itatuwan kusi, masu ganye kamar allura da ake katako da su, sun miƙe sambal, kowanne da wurin shan iska, an sare ƙananan itatuwan koibu masu farin ɓawo da ke cushe su, to mai dajin mutumin kirki ne, ana iya ba shi aron zarton inji hankali kwance. In kuwa sarƙaƙiya aka tarar, sai a kaɗa kai a wuce, an gama shari'a.

Cikin wannan karatun aka haifi Aulis Heikura a ƙauyen Lehtola. Ubansa Eemeli bai iya doguwar magana ba. Nasihar da ya yi wa ɗansa a duniya guda ɗaya ce tak, ita ma da adda a hannu ya yi ta. Ya nuna masa wani ɗan kusi da bai kai gwiwa ba, koibu biyar sun yi masa rumfa sun tare masa rana, ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne katako. Waɗannan kuwa 'yan cin arziki ne." Ya sare su dab da ƙasa, sara ɗaya kowanne, a karkace, ya ci gaba da tafiya. Shekarar Aulis tara a lokacin, kuma bai sake neman ƙarin bayani ba.

Ya girma ya yi aikin saran katako shekara ashirin, har injuna suka zo suna yin aikin mutum talatin ba sa neman kofi. Ya auri Sirkka, mai dafa abinci a makarantar ƙauyen, mace mai ido da baki, wadda ta ɗauke masa nauyin magana gaba ɗaya. A tsakanin nan gwamnati ta sayi ɓangaren arewa na dajinsu ta haɗa da gandun da ba a taɓawa. Eemeli ya sa hannu a takarda, daga ranar bai ƙara bin wannan hanyar ba har ya mutu.

Aulis yana da shekara talatin da takwas aka yi babbar guguwar nan ta kaka. Cikin wuni ɗaya ta bi gandun tana kayar da manyan itatuwa wuri-wuri, ta bar shi da giɓi kamar bakin tsohuwa. Doka ta hana a ɗauki ko reshe. Mazan Lehtola suka riƙa zuwa bakin gandun suna tsayawa, hannu a aljihu, suna kallon katakon da zai gina gida hamsin yana kwance yana jiran ruɓa. An ga hawaye a idon mutum biyu.

Sai ga wata matashiya daga jami'ar kudu, Dakta Raili, da sabon takalmin roba da jaka cike da turaku masu jan kai. Ita murna take yi da ɓarnar. Ta shiga kanti ta tambaya ko akwai wanda ya san daji kuma ba ya ƙarya. Mai kanti ta ce, "Ki nemi Aulis. Shi ko kifin da ya kuɓuce masa ka tambaye shi girmansa, ce maka zai yi ƙarami ne."

Giɓi goma sha biyu ta zaɓa, ta kafa turaku a kusurwar kowanne. Aikin da ta ba shi ba shi da wuya. Duk kaka zai zaga su, duk itacen da ya kai tsayin ƙirji ya ɗaura masa ƙarfe mai lamba, ya auna kaurinsa da tsawonsa, ya rubuta irinsa. Wanda bai kai ƙirji ba ba a lissafa shi. A ƙasan kowace takarda akwai tambaya: me ya yi wa giɓin nan ɓarna bana? Gurbi biyar aka tanada: iska, nauyin ƙanƙara, wuta, ƙwaro, sai hirbi, ƙatuwar dabbar nan mai cinye tohon itace.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji ta. "Kada ka taɓa komai. So muke mu ga abin da daji zai yi in an ƙyale shi."

"Ai na san abin da zai yi, Dakta. Lalacewa zai yi."

"Madalla. To ka auna mana lalacewar."

Labari ya kai shagon kofi na gidan mai, inda dattawan ƙauyen suke zaman safe. Maƙwabcinsa Kauko ne ya fi kowa jin daɗi. Kauko mutum ne mai faɗin ciki da faɗin baki, dajinsa kuwa ko kare sai ya yi shawara kafin ya shiga. Shi ya raɗa wa Aulis suna Mai Tef, saboda tef ɗin awon da yake yawo da shi. "Mai Tef, yau tsiro nawa suka kwana lafiya?" Aulis ya kurɓi kofinsa ya ce ɗari huɗu da sha biyu, don tambayarsa aka yi, kuma adadin ke nan.

A giɓi goma sha ɗaya ya cika alkawari, kuma Allah kaɗai ya san abin da hakan ya ci masa. Shekarar farko dogayen ciyayi suka rufe wurin. Bayansu koibu suka fito a cushe, dubu kan dubu, suna tseren neman rana. Can ƙarƙashinsu, cikin inuwa, ga 'yan kusi sun takure, a shekara ba sa ƙara tsawon ɗan yatsa. Dakta ta ce haka abin yake, kusi mai haƙuri ne, bayan shekara sittin ko saba'in koibu za su tsufa shi ya hau kansu. Aulis ya lissafa ya ga a lokacin shi kansa ya zama taki. Ya riƙa shiga da tef da fensir, yana ratsa sarƙaƙiyar sauro na cin wuyansa, yana wuce 'yan kusin nan yana kau da kai kamar wanda ya ga ɗan'uwansa yana bara.

Giɓi na bakwai ne matsalar. A tsohon dajin ubansa ya faɗo. Manyan kusin da guguwa ta kwantar a wurin su ne waɗanda Eemeli ya 'yanta da addarsa, har da wanda ya yi wa Aulis nasiha a kansa. 'Yan tsiron da ke fitowa kuwa irinsu ne.

A shekara ta biyu, tsakiyar rani, lokacin da kowane gida ke yankan rassan koibu a ɗaure su a yi tsintsiyar da ake bugun jiki da ita a sauna, ɗakin wankan tururi, Aulis ya fita da addarsa neman ganye. Ƙafa ta kai shi inda ba a aike ta ba. Ya tsaya a giɓi na bakwai, ga wani ɗan kusi a gabansa, koibu sun danne shi har kansa ya karkace. Ya duba gabas, ya duba yamma. Ya ce a ransa, ganye dai ganye ne, ko a nan ko a can. Sara biyar ya yi, dab da ƙasa, a karkace. Ya jawo gansakuka ya rufe kututturan, ya ɗaure rassan ya saɓa a kafaɗa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar ya yi wanka mai daɗi ya ci abinci da yawa.

Ya ce daga wannan ba ƙari. Da rani ya zagayo ya sake cewa haka, bayan ya gama.

A yi masa adalci: bai taɓa sare itace mai lamba ba. Tun kafin koibu ya kai ƙirji yake gamawa da shi, wanda bai kai ƙirji ba kuwa takarda ba ta san da zamansa ba. In kaka ta yi ya zo ya auna abin da yake tsaye, daidai wa daida, ko rabin santimita bai taɓa ƙarawa ba. In ya zo kan tambayar ƙasan takarda sai ya bi gurbin ɗaya bayan ɗaya. Iska ba ta yi ɓarna ba. Ƙanƙara ba ta yi ba. Wuta, ƙwaro, hirbi, duk babu. Ya ja layi ya sa hannu. Ba a tambaye shi mutum ba, shi kuma ba mai amsa abin da ba a tambaye shi ba ne.

Zuwa shekara ta goma sha biyar giɓi na bakwai ya fita daban. Sauran suna fama da koibu, shi kusi ne suka miƙe kore shar, kowanne da wurinsa. Dakta Raili, wadda ke zuwa sau ɗaya a shekara biyu, ta tsaya a tsakiyarsa ta dafe ƙirji. Ta ce ƙila ƙasar wurin ce. Aka haƙa ƙasa aka kai ɗakin bincike. Ta ce ƙila gangaren ne, ko yadda rana ke faɗowa ta kudu. Aka zo da na'urar auna haske. Masana suka riƙa zuwa daga ƙasashen waje, suna tsugunawa suna shinshina ƙasa, Aulis yana tsaye a baya riƙe da butar kofi. Ta rubuta maƙala a kan wurin, maƙalar ta kai ta kujerar farfesa, ko da yake a Lehtola Dakta aka ci gaba da ce mata.

Duk zuwan da za ta yi a gidansu take sauka. Ita da Sirkka su shiga sauna, ta fito fuska ja wur tana cewa, "Sirkka, tsintsiyarku ba irinta a ƙasar nan. Ganye laushi kamar auduga. Ina Aulis yake samo su?" Sirkka ta dubi mijinta ta ce, "Shi da dajinsa, wa ya san musu."

Aka yi ta tafiya haka har shekara talatin da ɗaya. Aulis ya kusa saba'in, gwiwa ta fara gardama, gashin Dakta ya yi fari, saura wata uku ta ajiye aiki. Ta iso ranar Alhamis da kwali a bayan mota. Bayan an sha kofi an ci baƙin burodi da kifi, ta zaro takarda mai sheƙi ta ajiye a tebur. Hoton giɓi na bakwai ne a kai. A ƙasa an rubuta da manyan haruffa: ƘYALE DAJI, YA SAN AIKINSA.

"Dubu goma za a raba wa masu daji," in ji ta. "Jibi Asabar zan fara bayani a zauren taronku, don a nan abin ya fito. Shekara talatin ba hannun da ya taɓa wurin nan, ga shi ya fi dajin da ake wahala a kansa. Mutane su huta da adda haka nan. Kuma zan kira ka gaban jama'a, Aulis. Duk wanda ya yi shakkar lambobina, ce masa nake yi ya je ya ga mutumin da ya auna su."

Aulis ya ajiye burodinsa ya hau tari. Ya ce kofin ne da zafi.

Da safe ya je gidan mai, ya tarar takardar ta riga shi. Kauko na riƙe da ita sama yana karanta wa jama'a. "Kun ji ko? Shekara arba'in kuna ce mini malalaci, ashe bincike nake yi! Mai Tef, zo zauna kusa da ni, abokin aikina. Da tsoho Eemeli yana raye da ya ga abin da ya ɓata ƙarfinsa a kai. Dajinsa ma sai da ya rabu da shi ya yi kyau!"

Aka yi dariya, amma ba kowa ba. Wasu dattawan tafin hannunsu suka koma kallo, inda adda ta bar kanta. Aulis ya ajiye kofinsa bai sha ba ya fita.

Gaba kura, baya sayaki. In ya yi shiru, guminsa na shekara talatin zai zama hujjar cewa gumi ba shi da amfani, a ɗaga ubansa a zaure a yi masa dariya, kuma shi za a kira ya tsaya shaida. In ya yi magana, ya rushe abin da matar nan ta gina rayuwarta a kai, ya kuma zubar da abu ɗaya da ya mallaka wanda Kauko ba shi da shi, wato a ce Aulis ya faɗa a yarda. Tsoro ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ƙarƙashin itace mai faɗowa.

Ya tarar da Sirkka tana fere dankali. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula.

"Sirkka, akwai wata magana."

"Ta giɓi na bakwai?"

Ya zuba mata ido.

"Haba tsoho. Shekara talatin ina wanka da shaidar laifinka, ka ce ban sani ba? Koibu na bayan gida kana wuce su ka tafi tafiyar awa biyu neman ganye."

"Me ya hana ki magana?"

"Ba ka tambaye ni ba. A wurinka na koya." Ta jefa dankali cikin ruwa. "Dakta tana ɗaki tana shirya jawabinta. Ka kai ta tun da sauran rana. Kuma ka tafi da addar, kada ka tsaya neman kalmomi, ba ka da su."

Tafiyar awa biyu suka yi, Dakta tana ta zuba, tana nuna masa tsuntsaye. Da suka shiga giɓin ta ɗaga kai tana kallon kusin da suka haɗe sama suka rufe sararin da guguwa ta buɗe. Aulis ya durƙusa da ƙyar, ya sa bakin adda ya ɗaga gansakuka. Ga ɗan kututture, kaurin babban yatsa, an sare shi a karkace. Ya matsa ya ɗaga wani wurin. Uku a jere. Ya sake matsawa. Waɗansu sun ruɓe sun zama baƙin gari, waɗansu na shekarun baya-bayan nan suna nan da ƙwarinsu, a bakin giɓin inda haske ke shiga.

Ta tsuguna ta shafa saran da yatsa.

"Hirbi ba ya yanka haka," in ji ta a hankali.

"Ba ya yi, Dakta."

"Tun yaushe?"

"Shekara ta biyu."

"Duk shekara?"

"Ban da shekarar da aka yi mini aikin gwiwa. Ita ma na zo, a makare."

"Sauran sha ɗayan fa?"

"Ban taɓa su ba. Ko ganye."

Ta dube shi, ya ga tana auna ko za ta yarda, abin da ba ta taɓa yi ba tun da suka san juna. Wannan kallon ya fi masa zagi ciwo. Ta zauna a kan ruɓaɓɓen gungumen ɗaya daga cikin itatuwan Eemeli, ta cire tabarau.

"Na haƙa ƙasar nan sau huɗu, Aulis. Na auna rana. Na tsaya a gaban mutum ɗari biyar na ce daji ya san abin da yake yi. Ashe kai ne dajin." Sai wani abu ya faɗo mata, ta ɗago. "Rassan fa? Ina ka kai su?"

Ya sunkuyar da kai. "Sauna."

Wata dariya ta kuɓuce mata, gajera, marar daɗi, daga nan ta sa hannu ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Shi dai yana tsaye riƙe da adda, bai san inda zai ajiye ta ba.

"Me ya sa?" in ji ta daga baya.

Ya nuna wani kusi mai kauri a gefensu, lamba ta goma sha huɗu. "Sun danne shi, Dakta. Kansa ya karkace."

Suka dawo gida. Ta haɗa kayanta ta tafi ba ta sha kofi ba, wanda a Lehtola ya fi a buga ƙofa a fita.

Ranar Asabar ta dawo. Ta tsaya a zaure, ba ta buɗe kwalin ba, ta faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. Ta ce za ta janye maƙalarta, giɓi na bakwai ya fita daga lissafi, sauran sha ɗayan suna nan, kuma sai nan da shekara talatin za a san amsarsu. Ba ta gama rufe baki ba zaure ya ɗauki tafi. Ba ita ake yi wa ba. Dattawa suka taso suna bubbuga kafaɗar Aulis, wani ya ce ɗan Eemeli ya fitar da su kunya, wani ya ce a ba shi lambar yabo. Kauko ya sulale ta ƙofar baya. Shekara talatin Aulis yana auna gaskiya ba wanda ya taɓa ce masa sannu, yau da aka ji ya ci amana ya zama gwarzon gari. Ta saman kawunansu ya hango Dakta tana ɗaukar kwalinta ita kaɗai, ba wanda ya kama mata.

Bayan mako uku ambulan ya iso daga jami'a. Takardun giɓi na bakwai ne gaba ɗaya, talatin da ɗaya, da rubutun hannunsa. A sama ta maƙala 'yar wasiƙa mai layi biyu: "Lambobinka daidai suke, na sake dubawa. Tambayar ƙasa ce ba a cika ba. Mai awo ne ke cikewa, ba ni ba."

Ya share teburin kicin, ya fere fensir, ya ɗauko rula. Ya duba gurbin nan biyar da ya saba bi: iska, nauyin ƙanƙara, wuta, ƙwaro, hirbi. Ya ja sabon layi a ƙarƙashin hirbi, miƙaƙƙe, ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa: Aulis Heikura. Ya sa alama a gabansa. Ya ɗauki ta gaba.

Sirkka ta leƙo ta kafaɗarsa. "To, ga sunanka ya shiga littafin jami'a. Da ƙwaro da hirbi kuke layi ɗaya."

Ya ci gaba da jan layi. Sau talatin ya rubuta sunansa, bai tsallake ko shekarar gwiwa ba. Da ya gama, saura takarda ɗaya a gefe, ta shekarar farko, wadda ba ta bukatar gyara. Giɓin a lokacin ciyawa ce kawai da gungume, ba itace ko ɗaya da ya kai ƙirji, takardar kusan fara ce fat, sai kwanan wata da sa hannunsa a ƙasa. Kofinsa ya huce a gabansa yana riƙe da ita.